Toshewar Reshen Hagu na Zuciya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda aka yi wa awon zuciya a nan Maradi, aka miƙa musu takarda da haruffa uku a kanta, BBG, ko kuwa LBBB idan a Katsina ko Kano aka yi awon. Duka biyun suna nufin toshewar reshen hagu na zuciya. Sau da yawa ma ba mai ciwon ke tambaya ba, ɗansa ne ko mijinta, yana riƙe da takardar hankali a tashe. Amsoshin za su taimaka ka san abin da za ka tambayi likitan zuciya, amma ba za su tsaya a madadinsa ba.

An ce reshen hagu na zuciyata ya toshe. Jini ne ba ya wucewa?

A'a. Ba jijiyar jini ake nufi ba. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma kafin kowane bugu akwai ɗan saƙon lantarki da ke tashi daga ɗakin sama na dama ya umarci naman zuciya ya matse. Saƙon yana gangarowa tsakiyar zuciya, ya bi wani zare da likitan nan Wilhelm His ya bayyana a 1893, daga nan zaren ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi ɗakin ƙasa na dama mai tura jini huhu, ɗayan ya nufi ɗakin ƙasa na hagu mai tura jini ga sauran jiki gaba ɗaya.

Idan reshen hagu ya lalace, saƙon ba ya bin hanyarsa. Sai ya fara isa dama, sannan ya ratsa naman zuciya a hankali har ya kai hagu. Hagun yana matsewa, amma a makare. Wanda ya taɓa huɗa da shanu biyu ya san abin: idan sa ɗaya ya riga ɗan'uwansa ɗaga ƙafa, garma na tafiya, sai dai kunyar ba ta miƙewa, shanun kuma sun fi wahala.

Ta yaya likita ya gane, alhali ni ban ji komai ba?

Da gwajin ECG kawai ake gane shi. Ba a jin sa a hannu, na'urar awon hawan jini ma ba ta nuna shi. Ka tuna ranar da aka kwantar da kai, aka manna maka wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, takarda mai ƙananan murabba'ai ta fito. Kowane bugu yana barin wani tsini a kan takardar, wanda likitoci ke kira QRS. A lafiyayyar zuciya tsinin siriri ne, bai kai faɗin ƙananan murabba'ai uku ba. Idan ya kai uku ko ya wuce, wato 120 ms zuwa sama (ms kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), kuma a layukan da ke duban gefen hagu ya fito da faɗi, kansa a tsage kamar harafin M, to shi ne toshewar reshen hagu.

Mutane da yawa ba sa jin komai, ana gano shi ne lokacin shirin tiyata ko awon hawan jini. Wanda kuma ke jin haki ko kumburi, galibi ciwon da ya jawo toshewar ne yake ji, ba toshewar kanta ba.

Me ke jawo shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin toshewar alama ce, kuma abin da ke ƙarƙashinta shi ake wa magani. A cikin jama'a gaba ɗaya ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba, sai dai tana ƙaruwa da shekaru, kuma ba kasafai take zuwa haka kawai ba.

A wajenmu abin da ya kamata a fara zargi shi ne hawan jini, tansiyo ɗin da aka yi shekara da shekaru ana fama da shi ba a sani ba, ko an sani ana shan magani yau a bari gobe. Zuciyar da ke tura jini da ƙyar kullum sai namanta ya yi kauri, daga baya ɗakin hagu ya buɗe ya saki, zaren da ke cikin bangonsa ya sami tabo. Sai kuma ciwon naman zuciya da ke sa ta faɗaɗa ta yi rauni, wanda wani lokaci gado ne, wani lokaci yana biyo bayan haihuwa (duba amsar da ta shafi masu jego), ko shan giya mai yawa, ko ƙwayar cuta da ta kama naman zuciyar. Akwai cunkushewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini, wadda ta fi samun masu ciwon suga, masu shan taba da masu kitse a jini. Akwai lalacewar bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, musamman wanda ke bakin babbar jijiyar da ke fita daga ɗakin hagu, ko dai saboda tsufa ko saboda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba har ya taɓa zuciya.

A wasu dattawa kuma zaren ne da kansa ya tsufa ya bushe, alhali naman zuciyar lafiya lau. Tiyatar bawul ma tana iya barin wannan toshewa, haka yawan sinadarin fotasiyam a jinin mai ciwon ƙoda yana faɗaɗa tsinin.

Yana da haɗari? Baba yana da shekara 70, hankalinmu ya tashi.

Allah ya ba Baba lafiya. Haɗarin ya danganta da ƙarfin zuciyarsa, kuma takardar ECG ba za ta faɗa muku wannan ba. Idan hoton zuciya ya nuna tana matsewa da kyau, babu haki, babu suma, to mutum yana iya ɗaukar shekaru masu yawa da wannan toshewa yana harkokinsa, abin da ake buƙata kawai bibiya da riƙe hawan jini. Idan kuwa zuciyar ta riga ta yi rauni, toshewar tana ƙara mata nauyi, domin ɓangarorin ɗakin hagu ba sa matsewa tare, jinin da ke fita a kowane bugu ya ragu. A wasu mutanen ma wannan rashin daidaito shi kaɗai, a kwana a tashi, yana raunana zuciyar da a da lafiyarta ƙalau. Shi ya sa ba na son in ji an ce wa mutum "ba komai ba ne" kafin a yi masa eko, wato hoton zuciya.

Wane gwaji ya kamata a yi bayan ECG?

Eko na zuciya, kafin komai. Irin na'urar da ake duba ciki da ita ce, amma likitan zuciya ke ɗora ta a ƙirji, ba zafi, ba allura. Tana nuna girman ɗakunan, kaurin bango, yadda bawul ke buɗewa da rufewa, da kuma wata lamba da ya kamata kowane mai wannan matsala ya haddace: kason jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a bugu ɗaya. A takardar Faransanci za ka ga an rubuta FEVG, a ta Najeriya EF. Daga kashi 50 cikin 100 zuwa sama lafiya ne. Kashi 40 zuwa ƙasa rauni ne bayyananne. Kashi 35 zuwa ƙasa kuwa shi ne inda maganar na'ura ke iya tasowa, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi batirin zuciya.

Bayan eko akwai awon jini: suga, aikin ƙoda, fotasiyam, kitse, yawan jini. Mai jiri ko suma ana iya ɗaura masa ƙaramar na'ura ta kwana ɗaya ko biyu tana rubuta bugun zuciyarsa yana gida. Gwajin nan na gudu a kan inji ana kallon ECG kuwa ba ya ba da amsa mai kyau ga mai wannan toshewa, don toshewar tana ɓata karatun layukan. Idan ana zargin jijiyoyin jini, likita zai zaɓi wata hanyar.

Akwai maganin da ke buɗe reshen?

Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo da ke gyara zaren da ya riga ya yi tabo. Duk wanda ya ce maka yana da maganin wanke jijiya da zai buɗe shi, kuɗinka yake so. Abin da ake yi wa magani shi ne sanadin, kuma a nan akwai alheri mai yawa.

Idan hawan jini ne, a sauko da shi ƙasa da 140/90 a kuma riƙe shi a can, da magani na kullum, ba sai ranar da kai ya yi ciwo ba. Idan zuciya ta yi rauni, akwai rukunin magunguna huɗu da aka tabbatar suna tsawaita rai: dangin enalapril da losartan, dangin bisoprolol da carvedilol, sai spironolactone, sai sababbin nan irin su dapagliflozin waɗanda asalinsu na ciwon suga ne. Furosemide, wanda aka fi sani da Lasilix a farmasi, yana fitar da ruwa, kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo, shi ya sa marasa lafiya suka fi ƙaunarsa. Amma shi sauƙi yake kawowa, waɗancan huɗun su ne masu gyaran zuciyar. Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin mutum ya riƙe Lasilix ya watsar da sauran don ba ya jin aikinsu a jikinsa. Aikinsu a hankali yake, sai bayan watanni eko ke nuna shi.

Ana fara su da kaɗan ana ƙarawa, kuma enalapril da spironolactone suna buƙatar a riƙa duba ƙoda da fotasiyam. Idan kuɗin takardar magani ya fi ƙarfinka, faɗa wa likita gaskiya tun kana gabansa. Ya fi sanin wanda za a musanya da mai sauƙi da wanda ba a taɓawa.

Mai ɗakina ta haihu wata biyu da suka wuce, ƙafafunta sun kumbura, tana haki, an ga wannan toshewar. Haihuwar ce ta jawo?

Tana iya yiwuwa, kuma wannan ba abin jira ba ne, a kai ta asibiti yau. Akwai ciwon naman zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka alaƙanta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna akwai hannun wasu abubuwan: ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki. Ba kowace mai wannan ciwon ke samun toshewar reshe ba, amma idan an gan ta tare da kumburi da haki, eko ya zama dole.

Duba da idonka: danna babban yatsa a ƙwaurinta ka ƙirga biyar, ka ɗaga. Idan rami ya zauna, ruwa ne. Lura ko tana iya kwanciya a miƙe, ko sai an tara mata matasai, ko tana farkawa tsakar dare tana neman iska da tari. Kada a ce jego ne kawai.

Maganar kanwa tana buƙatar lallashi, domin Inna ko gwaggon da ke dama kunun don ƙauna take yi, haka ita ma aka yi mata. A zaunar da ita a yi mata bayani cikin ladabi: kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji ba ta iya ɗaukarsa. A dama kunun ba kanwa, a yi wanka da ruwa mai ɗumi. Mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa da magani cikin watanni. Sai dai kada a sake ɗaukar ciki kafin likita ya sake eko ya yi magana, don ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya kashewa, kuma enalapril da losartan suna cutar da ɗan tayi. A nemi shawarar tazarar haihuwa tun yanzu, miji da mata tare.

Yaushe ake sa wa mutum batirin zuciya?

Hali biyu ne, kada a haɗa su. Na farko, idan reshen dama ma ya fara gazawa, saƙo ya daina sauka ƙasa yadda ya kamata. Bugun zuciya da ya saba zama tsakanin 60 da 100 a minti sai ya faɗi zuwa 30 ko 40, mutum ya riƙa jiri ko ya yanke jiki ya faɗi. Wannan yana buƙatar na'urar da ke ba zuciya umarnin bugu, kuma da gaggawa.

Na biyu shi ne na'ura mai wayoyi uku da ake kira CRT, wadda aikinta ta sa dama da hagu su matse lokaci guda. Ana sa ta ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, waya ɗaya ta shiga ɗakin sama na dama, ɗaya ɗakin ƙasa na dama, ta ukun ta bi wata jijiya ta zagaya bayan ɗakin hagu. Wanda ya fi amfana da ita shi ne mai toshewar reshen hagu da tsininsa ya kai 150 ms, lambar eko tasa 35 ko ƙasa, kuma yana haki duk da ya yi aƙalla wata 3 yana shan cikakken maganin da aka ambata a sama. A irin waɗannan tana rage kwanciya asibiti, tana tsawaita rai, wasu zuciyarsu har ta ragu ta koma kusa da girmanta. Amma kusan mutum 1 cikin 3 ba ya samun canjin da aka sa rai.

Aiki ne mai tsada, ba kuma kowane asibiti ke yin sa ba, likitan zuciya ne zai faɗi inda za a tura mutum. Kafin iyali su sayar da gona ko shanu, su tambaya ƙarara: an cika waɗancan sharuɗɗan? Wa zai riƙa duba na'urar bayan an dawo Maradi? Batirin yana ƙarewa bayan wasu shekaru, sai an canza. Mai ɗauke da ita kada ya sa wayar salula a aljihun ƙirji na gefen na'urar, kuma mai walda sai ya yi shawara da likita kafin ya koma aiki.

Waɗanne alamu ne ke nufin a tafi asibiti yanzu-yanzu?

Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, musamman da zufa ko yana tafiya hannu da muƙamuƙi. Suma, ko da ta ɗan lokaci ce mutum ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi. Numfashi da ƙyar a zaune. Bugun zuciya da ya yi ƙasa sosai ko ya rikice da gudu. Ko da tsakar dare ne a nemi mota, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye.

Me ya sa ake ta nanata in adana tsohuwar takardar ECG?

Domin wannan toshewa tana ɓoye alamun da likita ke nema idan jijiyar jinin zuciya ta toshe farat ɗaya. Ranar da ka zo da ciwon ƙirji, abin da zai fara son sani shi ne: toshewar tsohuwa ce ko yau ta fito? Tsohuwar takarda ce kaɗai ke amsa wannan cikin minti ɗaya. Takardar ECG kuwa irin ta rasit ce, zafi na cinye rubutunta, bazarar Maradi ɗaya a aljihu ko a gaban mota ta isa ta mayar da ita fara fat. Ka yi mata fotokofi, ka ɗauki hotonta a waya, ka tura wa ɗanka ko ƙaninka ta WhatsApp, asalin kuma a sa a ambulan cikin akwati. Ka nuna ta ga duk likitan da zai yi maka tiyata ko ya rubuta maka sabon magani.

Me zan ci, me zan bari?

Gishiri ne babban abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da na cikin magi, kanwa, yaji, kilishi da busasshen kifi ake lissafi. Uwargida ta rage dunƙulen magi a tukunyar gida gaba ɗaya, ta ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa. Ware wa Alhaji tukunyarsa shi kaɗai ba ya ɗorewa. Taba a bar ta, giya ma haka.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne maganin ciwon jiki. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu talla ke yawo da su a tasha da kasuwa, suna riƙe ruwa, suna ta da hawan jini, suna taɓa ƙoda, kuma suna iya mayar da mai raunin zuciya gadon asibiti cikin ƴan kwanaki. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa suna tafasa su ma akwai gishiri a cikinsu. Paracetamol na haɗiya ya fi aminci. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a nisance su, balle ga mai shan spironolactone.

Zan iya azumi, noma, da sauran harkokina?

Wanda eko ya nuna zuciyarsa da ƙarfi, ba ya haki, ba ya suma, yana iya noma, tafiya kasuwa, hawa babur da kusantar iyali kamar kowa, tafiyar ƙafa ta kullum ma alheri ce gare shi. Mai raunin zuciya shi ma ba a ce ya kwanta ba, ya yi aiki gwargwadon numfashinsa, da sanyin safiya, ya tsaya idan haki ya hana shi magana. Direban haya da ya taɓa suma kada ya koma tuƙi sai likita ya yarda.

Azumi kuwa a je wa likita da maganarsa tun cikin Sha'aban. Wasu za a gyara musu lokutan magani zuwa buɗa-baki da sahur. Wasu, musamman mai shan Lasilix da yawa, ko wanda bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ko mai ciwon ƙoda, ƙishirwar yini a zafin da ke wuce digiri 40 tana iya kayar da su. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, malamin unguwa zai yi bayanin ramuwa ko ciyarwa.

Toshewar tana tafiya da kanta? Kuma ƴaƴana za su gada?

Galibi idan ta zo ta zauna. Akwai wadda ke fitowa kawai idan zuciya na gudu ta ɓace idan ta lafa, akwai kuma wadda ke gushewa idan an gyara fotasiyam ko an janye maganin da ya jawo ta, amma waɗannan kaɗan ne. Don haka kada ka auna nasarar magani da ko haruffan nan sun bar takarda. Ka auna da numfashinka, da kumburin ƙafa, da awon hawan jini, da lambar eko da aka yi bayani a amsar gwaje-gwaje. Mai lafiyayyar zuciya ya riƙa ganin likita aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake eko idan wata alama ta fito. Mai rauni kuwa zuwansa ya fi haka yawa.

Toshewar kanta ba kasafai ake gadonta ba, amma abin da ke jawo ta ana gado. Hawan jini da suga suna bin gida. Idan kuma eko ya nuna zuciya ta faɗaɗa ba tare da wani dalili bayyananne ba, ko a dangi akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, to iyaye, ƴan'uwa na jini da ƴaƴa su je a yi musu ECG da eko, ko da ba sa jin komai.